Babi na Biyar: Takardar Kwabo Ɗaya

In ka tsayar da saurayi ɗan shekara ashirin a kasuwar Kanya, ko ta Ribah, ko ta cikin garin Zuru, ka tambaye shi mene ne kwabo, iyakar abin da zai ce maka wasu lambobi biyu ne da ke biyo bayan ɗigo a saƙon banki. Bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Kakansa kuwa ya san kwabo har nauyinsa: ƙarfe ne mai huda a tsakiya, ana zira shi a igiya a ɗaura a ƙugu. Anini goma ke yin kwabo, rabinsa ɗari, uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda. Wanda ya shiga kasuwa da kwabo a aljihu ba ya fitowa da yunwa. Saboda haka da aka fito da wata takarda daga Zariya a watan Janairun 1939 aka ce kuɗinta kwabo, abin da ake nema ga talaka shi ne ya hana cikinsa wani abu ya sayi magana. Sunan da aka raɗa mata ya amsa wa mai ƙorafi tun kafin ya buɗe baki: Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Arewa ta makara a wannan fage. Tun 1859 wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin da Yarbanci a Abeokuta, shekara tamanin cif kafin Gaskiya. Legas kuwa cike take da jaridu, a 1937 ma Nnamdi Azikiwe ya ƙara musu West African Pilot, wadda ba ta raga wa Turawan mulki ko kaɗan. A nan Arewa, abin da aka samu kafin Gaskiya shi ne Jaridar Nijeriya ta Arewa da aka fara a 1932, mai harshe uku, Hausa da Larabci da Turanci, tana fitowa sau kaɗan a shekara, kuɗinta sisi. Takardar fada ce da ofis. Sarki ya karɓa, magatakarda ya karanta masa, a ajiye.

Tsoro ne ya haifi Gaskiya. A 1938 Turai ta ɗauki zafi. Hitila yana ta neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila kuwa tana ta lallashinsa, har ta yarda a Munich a watan Satumba ya yanki wani ɓangare na Cekoslobakiya. Sai magana ta bazu a kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su sayi zaman lafiya. Mai saurin dariya zai ce ƙanzon kurege ne, amma a tuna Kamaru ta Jamus ce a da, kuma wani yankinta a lokacin yana haɗe da lardunan Adamawa da Borno. Mutumin da ya ga an raba ƙasashe da alƙalami sau ɗaya, me zai hana ya yarda za a sake? Hukuma ta duba ta ga ba ta da bakin da za ta yi magana da talaka kai tsaye. Tana da Razdan, tana da Di'o, tana da sarki da hakimi da dagaci, amma kafin magana ta gangaro wannan tsani ta isa ƙauye, jita-jita ta riga ta sha ruwa ta huta.

Wurin da za a yi aikin yana nan a shirye. A Zariya akwai Hukumar Talifi, wadda ta samo asali daga Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, shugabanta kuwa wani Baturen makaranta ne, Dokta Rupert East. Shi ne ya shirya gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Jiki Magayi da ya rubuta tare da John Tafida. A cikin waɗanda suka shiga gasar, idonsa ya fi tsayawa a kan wani matashin malamin Midil ta Katsina, Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja kuma ƙanen Malam Bello Kagara mai Ganɗoki. A 1936 East ya aro shi zuwa Zariya, a can ya rubuta Magana Jari Ce. Da maganar jarida ta taso ba a yi dogon nema ba. Aka haɗa shi da wani jami'in mulki, L. C. Giles, amma alƙalamin Hausar na Imam ne, kuma shi tarihi ya riƙe a matsayin editan farko. Shekararsa ba ta kai talatin ba.

Mutanen ƙasar Zuru suna da ɗan haƙƙin maƙwabtaka a kansa. A Kagara aka haife shi a 1911, a lokacin tana cikin Lardin Kontagora, wato ɓangaren da ƙasar Zuru ta daɗe tana kallo ta fuskar mulki kafin a haɗa ta da Jihar Sakkwato a 1976, daga baya Kebbi a 1991. Yaron da ya buɗe ido a wannan yanki ya san cewa ba kowane mai jin Hausa ne Bahaushe ba. Ban ce wannan ne ya sa Hausarsa ta zama mai sauƙin haɗiya ba, amma duk wanda ya karanta shi ya san bai rubuta don malaman zaure kaɗai ba.

A nan ne nake ganin babban aikin jaridar yake, aikin da ba shi aka ɗauke ta yi ba. Kafin 1939 Hausar boko ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya shimfiɗa ƙa'idojin rubutu a 1912, Bargery ya fito da ƙaton ƙamusunsa a 1934, a shekarun nan kuma aka bar ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi aka koma ga haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Amma ƙa'ida a cikin littafi daban, abin da ido ya saba gani daban. Jarida ce ke zuwa yau ta dawo gobe da rubutu iri ɗaya, har hannun mai karatu ya koyi inda ake raba kalma ba tare da an dake shi ba. Basakkwace yana cewa shina, Bakatsine yana da tasa, Bazazzagi ba ya damuwa da bambanta namiji da mace a magana kamar Bakano, amma a shafin Gaskiya kowa ya tarar da Hausa guda, mai jingine da karin Kano, wadda aka sassaƙe ta don kowa ya gane. Har aka riƙa kiranta Hausar Gaskiya. Lokacin da aka kafa Hukumar Kula da Harshen Hausa a 1955, ta tarar an riga an share mata fili.

Sassaƙar ba ƙaramin aiki ba ce. Ka ɗauka kai ne ke zaune a ofishin nan na Zariya, an miƙo maka labarin waya da Turanci cewa jirgi mai tafiya a ƙarƙashin teku ya nutsar da wani, ko majalisa ta ƙi amincewa da kasafin kuɗi, mai karatunka kuma bai taɓa ganin teku ba, majalisar da ya sani ita ce ta sarki. Dole ko ka ari kalmar ka lanƙwasa ta ta zauna a bakin Bahaushe, ko ka ƙera sabuwa daga kayan gida, ko ka kawo misali da abin da ya sani. Imam gwanin na ukun ne. Mutumin da ya sa aku ya riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare a Magana Jari Ce ya san yadda ake riƙe mai sauraro, sai ya ɗauko wannan murya ta hira, da karin maganarta da barkwancinta, ya shigar da ita cikin sharhin edita. Yawancin kalmomin siyasa da mulki da muke furtawa yau ba tare da tunani ba, irin su mulkin kai da jefa ƙuri'a da ɗan takara, a shafin jarida da bakin rediyo suka zauna da gindinsu.

Na ce mai sauraro, da gangan kuma na faɗa. Masu iya karatun boko a Arewa a 1939 'yan ƙalilan ne: malaman makaranta, ma'aikatan En'e, akawunan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, malaman asibiti da na gona. Wanda ya sayi jarida ba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. A dandali yake buɗe ta, ko a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar, a kewaye shi, ya karanta da ƙarfi, a tsayar da shi a ce maimaita, wani dattijo ya ce wannan ƙarya ce, gardama ta kaure. Kwabon mutum ɗaya ne, kunnuwan unguwa guda. Da farko wata-wata take fitowa, sai ya zama kofi ɗaya yana yawo hannu zuwa hannu har ya yi laushi kamar tsumma kafin sabo ya iso. Hukuma kuma ta lura akwai dubban mutane da suka iya karatu sarai, sai dai da ajami, waɗanda ƙididdigar Bature ke sa su a layin jahilai. A 1941 aka fara saƙa wasu 'yan shafuka na ajami a cikinta, aka kira su 'Yar Gaskiya. Sunan kansa abin lura ne: rubutun da ya girmi boko da ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa, shi ne ya zama 'ya.

Wata takwas da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo yaƙin da ake tsoro ya ɓarke, a Satumban 1939. Nan take jaridar ta zama kakakin yaƙi, ba ta kuma ɓoye ba. Tana zuga samari su shiga soja, tana kiran manoma su ƙara noman gyaɗa, tana zagin Hitila. A 1941 aka ƙara mata wata ƙanwa mai suna Suda, takardar labarin yaƙi zalla da ake rabawa kyauta.

A nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. Ƙasar Zuru ƙasar soja ce tun zamanin Turawa. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, sun ba rundunar Bature samari masu yawa, kuma ba abin mamaki ba ne: saurayin da ya yi shekaru yana golmo a gonar surukai, ya saba da kokawa tun yana yaro, wahalar fareti ba za ta ba shi tsoro ba. Wannan jijiya ce daga baya ta fitar da janar-janar irin su Sani Sami, wanda ya zama Sarkin Zuru, da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Habasha, sannan aka kwashe su cikin Runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan Bama su fuskanci Japan. Harshen bariki kuwa Hausa ne. Yaron da ya bar gida yana jin C'lela da 'yar Hausar kasuwa, ya dawo da Hausa a baki, wani ma har da karatu da rubutu da ya koya a soja. Ga kuma 'yan mishan da suka zauna a ƙasar Zuru tun shekarun 1920, suna koyar da karatu da Hausar boko, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sai ya zama a wuri irin wannan, jaridar Hausa ta tarar da masu karatu ta ƙofofin da babu su a Kano ko Katsina: tsohon soja, da malamin coci, ban da malamin makaranta da akawun En'e.

Layin dogo bai taɓa zuwa ƙasar Zuru ba. Duk takardar da ta taso daga Zariya sai ta sauka daga jirgi ta hau mota, ta sha ƙurar hanya, sannan ta hau keke ko kan ɗan aike kafin ta ga ƙauye irin Kanya. Labarin da ke cikinta ya kwana biyu. Amma uwar da ɗanta ke wata ƙasa da ba ta iya faɗin sunanta ba, ba ta tambayar kwanan wata. Tana so ne a ce mata ana cin nasara ko ba a ci.

Abin da Turawa ba su yi lissafinsa sosai ba shi ne takarda hanya ce mai zuwa da komowa. An buɗe filin wasiƙu, sai wasiƙu suka yi ta kwarara. Malamin makarantar da ba zai iya ɗaga ido a gaban hakimi ba ya gano cewa da tambarin gidan waya zai iya kai kukansa gaban Arewa duka. Aka yi ta rubutu a kan cin hanci, da zaluncin masu karɓar haraji, da halin kotunan alƙalai, da karatun 'ya'ya mata, da tsadar aure, da yadda 'yan kudu suka cika ofisoshi da tashoshin jirgi. Wasu da sunansu, wasu da sunan aro don gudun fushin fada. Mutumin Bauci ya karanta kukan mutumin Sakkwato ya ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Kafin wannan lokaci mutum Bakano ne ko Bakatsine ko Babarbare ko Banufe. Jihar Arewa kalma ce ta taswirar Bature. A filin wasiƙun nan, a ganina, aka fara jin ta a jiki. Samarin da suka kafa ƙungiyoyin tattaunawa a shekarun 1940, irin ta Bauci inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi ta kai ruwa rana, duk masu karanta jaridar ne, kuma ta zama musu dandali.

Imam yana tsakiya, kamar mai raba faɗa da ake duka ta ko'ina. Albashinsa daga hukuma yake fitowa, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sarakuna suna ganin ya sakar wa yara baki. Yaran kuma suna ganin yana tace maganarsu kafin ta fita. Abin da ya faru a 1943 ya nuna irin tsayuwarsa. An gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, shi kaɗai ne daga Arewa, Azikiwe na cikin tawagar. Zik ya shirya takardar neman a sa wa'adin mulkin kai, 'yan tawaga suka sa hannu, Imam ya ƙi. Jaridun Legas ba su yafe masa ba. Amma a tafiyar nan ce ya gana da tsohon Gwamna Lugga, mutumin da ya kafa mulki ta hannun sarakuna, ya kuma bi shi da dogayen wasiƙu yana zayyana masa inda tsarin ya ruɓe: an bar talaka ba mai jin kukansa, an yi watsi da matasan da suka yi karatu, jami'an Turawa ba sa sauraron kowa sai fada. Labarin tafiyar ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Masu son jarumi mai launi ɗaya ba sa jin daɗin wannan labari. Ni kuwa ina ganin shi ne hoton jaridar baki ɗaya. Tana son gyara, tana tsoron rushewa. Tana faɗa wa sarki gaskiya, amma a durƙushe. Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940 Imam na cikin waɗanda suka assasa ta, da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa mai mulki kuwa, jaridar ta bi ta. 'Yan NEPU, da suka kafa tasu a Kano a watan Agustan 1950, ba su ɗauki Gaskiya tasu ba. Sun fi samun wuri a Comet, jaridar rukunin Zik da ta koma Kano. Wanda duk ya ce maka Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta taɓa karkata ba, bai tambayi ɗan sawaba ba. Imam kansa ya bar kujerar edita a farkon shekarun 1950 bayan kimanin shekara goma sha biyu, ya shiga majalisa, daga baya Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a 1981.

Kafin nan gidan ya faɗaɗa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injinan buga littafi da gidajen ma'aikata, East na shugabanta. A 1948 aka yi wa jaridar ɗan'uwa na Turanci, Nigerian Citizen. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, sai tambaya ta taso: wanda ya koyi haɗa baƙi, me zai karanta kada karatun ya gudu? Hukumar NORLA ta amsa da ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Albishir a Borno, Ardo a Adamawa, Haske kuma a Lardin Neja, wanda ƙasar Zuru ke ciki a lokacin. Waɗannan su ne jaridun gida na haƙiƙa, masu kawo labarin kasuwar da ka sani da hakimin da ka sani. Ba su yi tsawon rai ba. NORLA ta rushe a 1959, suka bi ta. Tun daga ranar, da wuya ka nuna wata jarida da aka yi don mutumin lardi kaɗai ta kuma daɗe. Uwar ce ta rage, ita kuma idonta na kan Kaduna da Legas.

Ranar 1 ga Janairun 1966 gwamnatin Sardauna ta ƙaddamar da New Nigerian a Kaduna a madadin Nigerian Citizen, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin sabon kamfanin. Mako biyu bayan haka aka kashe Sardauna. Jaridar ta ga yaƙin basasa, ta ga an yanka Jihar Arewa gida shida a 1967, ta ga an canja kuɗi zuwa naira a 1973, inda sabon kwabo ya gaji sunan tsohon. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin ya zama na tarayya. Farashinta ya bar kwabo tun da daɗewa, sunan dai ya tsaya, ta kai har tana fitowa sau uku a mako. A waɗannan shekaru New Nigerian ce 'yar gaban goshi, ita ce manya ke karantawa su ji inda Arewa ta dosa, ta Hausar kuwa sau da yawa sai ta zama mai jiran a fassara mata abin da ƙanwarta ta riga ta faɗa, alhali ita ce babba da shekara ashirin da bakwai.

Kishiyar da ta fi cin kasuwarta ba takarda ba ce. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, manomi a Kanya ya rataye ta a reshe yana huɗa, Bafillace ya rataya tasa a kafaɗa yana bin shanu. Tunda dama da kunne yawancin mutane ke shan jarida, ga abin da ke karanta kansa, ba ya jiran mota, ba ya neman ɗan boko. Dandalin da ake taruwa a saurari mai karatu ya koma dandalin da ake taruwa a saurari labaran ƙarfe takwas da rabi. Duk da haka wasu jaridun Hausa sun yi ta fitowa suna gwada sa'a: Amana ta kamfanin Abiola, Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph a Kano, ta biyun da ajami, Al-Mizan a Zariya, sai Aminiya da ta fito a 2006.

A shekarar nan ta 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da kamfanin New Nigerian ga jihohin Arewa goma sha tara. Ana iya cewa 'ya ta koma gidan ubanta, sai dai iyayen sun yi yawa, kowane gwamna kuma yana da gidan rediyonsa da talabijin ɗinsa da ke yabonsa kullum. Bashin albashi ya taru, injina suka tsufa, ma'aikata suka yi ta yajin aiki, cikin 'yan shekaru jaridar ta ɓace daga teburin masu sayarwa. Ana yawan ɗora laifin a kan intanet da wayar hannu. Ni ban gamsu ba, domin Aminiya a wannan zamanin ta tashi ta kuma rayu. Ciwon Gaskiya tun na haihuwa ne: fiye da shekara saba'in ba ta taɓa zama ta masu karanta ta ba. Bature ya haife ta don buƙatarsa, gwamnatin jiha ta gaje ta, soja suka karɓa, gwamnoni suka amsa ba da son ransu ba. Ran da mai gida ya daina buƙatar bakinta, ba wanda ya ga dole ne ya ciyar da ita.

Sunan dai ya tsira, ya ma shige cikin harshe. Za ka ji mai sayar da waya a Zuru yana rantse wa mai saye cewa gaskiya ta fi kwabo, bai san akwai injin da ya taɓa buga wannan magana a saman shafi ba.

Yawancin kofen da aka buga sun tafi inda tsohuwar jarida ke tafiya: an ƙunshe ƙosai da tsire, an liƙe bangon ɗaki, tela ya yanka samfurin riga, gara ta cinye saura. Waɗanda suka tsira suna Kaduna, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, da ɗakunan karatu na wasu jami'o'i, an ɗinke su shekara-shekara cikin manyan kundaye. Ɗalibin da ya fito daga ƙasar Zuru yana son ya san abin da kakanninsa ke ji a shekarun yaƙi, can zai nufa. Kada ya tsaya a shafin farko, inda Gwamna da sarakuna suke. Ya wuce ciki, wajen wasiƙu da ƙananan labaran larduna, ya bi sunayen garuruwan da ke ƙarƙashin kowace wasiƙa da yatsa. Ya kuma buɗe a hankali, don takardar ta yi ja, gefenta yana karyewa in an ja da ƙarfi.